Dakalin Nicanor

Ranar Alhamis Mai Tsarki, wadda Kiristoci ke yi gab da bikin Ista, tun kafin ƙarfe uku na rana Doña Ofelia ta gama shiri. Ta ɗaure gwiwarta ta hagu da bandeji, ta sa baƙin takalmin da ya fi shekara goma yana wannan zagaye, ta yafa gyale, ta zauna a falo da jakar saƙa a kan cinya tana jiran Araceli. Araceli 'yarta ce, ita kaɗai Allah ya ba su, nas ce a wani asibiti a birnin Mexico. Tun da aka binne ubanta wata biyar da suka wuce, maganar da ke shiga tsakaninta da uwarta ba ta wuce "kin sha magani?" da "na sha" ba.

Da ta iso, ko jakarta ba ta ajiye ba idonta ya sauka a kan gwiwar.

"Mama, ƙafar nan ba za ta yi coci bakwai ba."

"Ba ki gaishe ni ba."

"Ina wuni, Mama. Ƙafar nan ba za ta yi coci bakwai ba."

"Lafiya lau. Ai ban nemi shawararta ba, ke ma ban nemi taki ba. Ungo riƙe jakar."

A garinsu Puebla, a ƙasar Mexico, babu wanda ake koya wa zagayen coci bakwai, da shi ake tashi. Ka shiga, ka durƙusa a gaban bagadin da aka lulluɓe da furanni, ka yi addu'arka, ka fito da ɗan burodin da aka sa wa albarka da reshen furen manzaniya, wanda za a dafa wa mai ciwon ciki in shekara ta yi nisa. Sai dai Ofelia ta gaji nata zagayen da dokar uwarta a kai: ba a shiga mota, ba a ɗaukar mutum, kuma cocin da ƙafarka ba ta tsallake bakin ƙofarsa ba, kada ka sa shi a lissafi. Uwar ta rasu shekara talatin ke nan, amma dokar na nan da ranta.

Shekara arba'in da shida mijinta Nicanor yana raka ta wannan zagaye, kuma ko sau ɗaya bai taɓa shiga ba. Makanikin jirgin ƙasa ne, mutum mai sauƙin kai a komai, ban da wannan. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu wani Fada, limamin cocin ƙauyensu, ya ƙi yi wa gawar ubansa addu'a saboda wata tsohuwar rigimar gona, shi kuwa ya rantse ba zai ƙara taka coci ba, kuma kun san irin mutanen nan da ke manta inda suka ajiye tabarau amma ba sa manta rantsuwa. A ofishin gwamnati aka ɗaura aurensu, uwar Ofelia ta yi mako guda tana kuka. Ranar baftismar Araceli ma a waje ya tsaya yana raba wa mutane alewa. Amma duk Alhamis Mai Tsarki shi ne zai fara shiryawa, ya goge hularsa, ya rataya jakar saƙa a kafaɗa, ya ce, "To, Sista Ofelia, mu je ki gaishe da 'yan uwanki." Ita ta shiga, shi ya tsaya a bakin ƙofa. Abin da take roƙo a ciki guda ɗaya ne, sau bakwai a kowace shekara: Ubangiji ka shigo da Nicanor.

Bai shigo ba. Da ciwo ya kwantar da shi, Araceli ya kira ya gaya wa cewa ko gawarsa kada a kai coci. Ofelia kuwa har ta riga ta yi magana da Fada, ta zaɓi waƙoƙi. A ganinta, tunda ya ƙi shiga da ƙafarsa, ai sai ya shiga a kafaɗar mutane. Araceli ta tsaya kai da fata ta ce wasiyyar ubanta za a bi. Motar gawa ta wuce ta gaban coci ba ta ko rage gudu ba, kuma wannan wucewar ce Ofelia ta kasa yafewa.

Don haka bana ciniki ta ƙulla da Ubangiji, ita kaɗai a ɗakinta. Za ta yi bakwai ɗin nan cif da wannan gwiwar, a rubuta wa Nicanor ladan kamar shi ya shiga. Tsoro take ji, tsoro na gaske, kada mijinta ya kasance can ma a waje yake tsaye.

Daga San José suka fara, kamar kullum. An rufe siffofin waliyyai da shuɗin ƙyalle mai duhu, ƙamshin turare da na lemo ya cika wurin. Ofelia ta durƙusa ba tare da wata wahala ba, har ta ɗan harari Araceli don ta gani. Da suka fito ta miƙa burodin hagu, inda Nicanor ke tsayawa, hannunta ya daɗe a iska. Araceli tana dama. Ta zagayo ta karɓa ta sa a jaka.

A Santa Mónica mutane sun yi cincirindo har bakin titi, sai da suka yi rabin awa a layi ana matsa su gaba da baya. Wata mata ta taka wa Ofelia ƙafa ta ce a yi haƙuri, Ofelia ta ce babu komai, ranar haƙuri ce, sannan ta bi ta da kallon da ya fi zagi. Daga nan suka gangaro Santo Domingo. Ɗakin addu'ar nan na zinariya yana nan yadda yake, sai walƙiya yake daga ƙasa har rufi, baƙi sun ɗaga kawuna baki buɗe. Ofelia ta tuna ranar da ta fara ganinsa, tana riƙe da bakin zanen uwarta, ta ɗauka an riga an iso Aljanna. Nan ne in ta fito Nicanor zai tambaye ta, kowace shekara da murya iri ɗaya, "Zinariyar na nan, ko sun kai ta kasuwa?" Ita kuma ta ce, "Shiga ka duba." Shi ya ce, "Na yarda da ke." Yau ta fito da amsarta a baki, babu mai tambaya.

A gaban babban coci, jikin shingen ƙarfen nan mai siffofin mala'iku, wani tsoho mai gyaran takalmi ya ɗago kai ya dubi jakar da ke kafaɗar Araceli, sannan ya dubi Ofelia.

"Doña, ba ke ce matar Don Nica ba? Ina mutumin nawa? Na ajiye masa kujera tun ɗazu."

"Ya rasu," in ji Ofelia. "Watan Nuwamba."

Tsohon ya miƙe a hankali ya cire hularsa. "Allah ya ji ƙansa. Shekara ashirin muna musun ƙwallo a nan, bai taɓa cin nasara ba, bai kuma taɓa yarda an kayar da shi ba."

"Shi ne," in ji Araceli, ta yi 'yar dariya.

Ofelia ta yi godiya ta wuce ciki, amma abin ya tsaya mata a rai. Ba ta taɓa ganin mutumin nan ba, ko kuwa ta sha ganinsa ba ta lura ba. Ita a zatonta in ta shiga coci Nicanor tsayuwa kawai yake kamar sandar fitila har ta fito. Ashe har kujera ake ajiye masa. Wani ɗan kishi ya taso mata, ta rasa ma da wa take kishin. A cikin babban cocin, duk da tsayinsa da sanyinsa, da ƙyar ta tattara hankalinta ta yi addu'ar. Da ta zo tashi gwiwar ta yi wata ƙara, sai da Araceli ta sa hannu a hammatarta.

A La Compañía, na biyar, durƙuson ya gagara. Ta zauna a bakin benci ta sunkuyar da kai, ta gaya wa Ubangiji ya ɗauki wannan a matsayin durƙuso. Da suka fito Araceli ta tsugunna a ƙarƙashin baranda ta taɓa bandejin, ta ji gwiwar ta kumbura ta yi zafi.

"Mama, biyar sun isa. Allah ya iya lissafi, ya san ƙafarki."

"Ba don ni nake yi ba."

"Na sani."

"Ba ki sani ba. Da kin sani, da kin bar ni na shigar da shi sau ɗaya. Sau ɗaya tak, Araceli. Minti arba'in ne a yi addu'a a fito da shi. Me zai rage shi?"

"Shi ya roƙe ni, Mama. Hannuna ya riƙe."

"Ni kuma shekara arba'in da shida nake roƙo. Wa ya riƙe nawa hannun?"

Araceli ta koma kan gwiwar. Ta gyara ɗaurin bandejin, ta ɗan ƙara matse shi, ta miƙe ta ba uwarta kafaɗa. Ofelia ta so ta ƙi, amma gwiwar ba ta bar ta ta yi zuciya ba.

Haka suka tsallaka babban titi, inda kogi yake a da kafin a rufe shi da kwalta. Ofelia ta tuna gadar dutse, da matan da ke wanki a ƙasa, da yadda uwarta ke toshe hanci tana addu'a a lokaci guda. A bakin gadar nan ne Nicanor ya fara tare ta, da rigar aiki duk baƙin mai, ya ce zai raka ta coci. Ta yi murna ta ce ta samu saurayi mai ibada. Sai da suka isa ƙofa ya ce ai rakiya ya ce, bai ce shiga ba.

San Francisco ta shige shi tana jan ƙafa, ta fito tana jan ƙafa. Shida ke nan. Rana ta yi sanyi, hasken ya koma ja a jikin bangon cocin, masu suyar wainar masara sun fara hura wuta.

Na bakwai ba ya cikin waɗanda baƙi ke zuwa ɗauka hoto. Ƙaramin coci ne a unguwar magina tukwane, can saman hawa, inda aka haifi Ofelia aka yi mata baftisma. A nan take rufe zagayenta kowace shekara, a benci na uku ta hagu, jikin ginshiƙi, wurin da uwarta ke durƙusawa. Tafiyar minti goma ce ga mai lafiya. Su sai da suka yi kusan awa guda, suna tafiya suna hutawa a jikin bangon mutane.

Matakala tara ce a ƙofar cocin, ta dutse, dogaye, babu abin kamawa. Ofelia ta tsaya ta dube su kamar yau ta fara ganinsu. Ta hau ta farko. Ta hau ta biyu tana cije leɓe. A ta uku gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa sam, wani zafi ya harbe ta har ƙugu, ta tafi luuu za ta faɗi, Araceli ta tare ta da ƙirji.

"Bari in nemo maza biyu su ɗaga ki, Mama. Ga su can."

"Ba a ɗaukar mutum."

"Kaka ta rasu, ba za ta gani ba."

"Ni zan gani."

Ta sake gwadawa, ƙafar ta ƙi. Sai ga hawaye, ba na zafin gwiwa ba. Saura matakala bakwai tsakanin Nicanor da abin da ta ƙulla masa, ga ƙofa a buɗe, ga hasken kyandir tana hangowa a saman kanta, kuma ta san ko za ta kwana a nan ba za ta hau ba.

"Kawo ta nan, 'yata," wata murya ta ce daga bayansu. "Kawo ta ta zauna."

Wata tsohuwa ce mai sayar da kyandir da furen manzaniya, zaune a tsallaken farfajiyar, inda titi ya ƙara hawa aka yi wani dogon dakali a jikin bango. Ofelia ta san fuskarta sama-sama, irin sanin da ake yi wa mutumin da ake wucewa. Araceli ta lallaɓa da uwarta har can. Ofelia za ta zauna a bakin dakalin, tsohuwar ta ce, "A'a, matso nan. Ƙara matsowa. Yauwa, nan ne wurinsa."

"Wurin wa?"

"Wurin mijinki mana. Ni ce Eduviges. Tun da na ga jakar a kafaɗar yarinya na san abin da ya faru. Yaushe?"

"Nuwamba."

"Allah ya ba shi hutawa." Ta yi alamar gicciye. "Shekara talatin da ɗaya ina kasa kaya a nan, bai taɓa zama wani wuri ba sai nan daidai. Wata shekara ya tarar da wani ƙato a wurin, sai da ya saya masa lemo ya lallashe shi ya matsa."

Ofelia ta share fuska da bakin gyale. Ta gaji, ba ta da ƙarfin sauraron wani labarin ƙwallo. Ta ce wa Araceli ta shiga ta karɓo burodin, ko ba komai kada jakar ta koma gida da gibi. Araceli ta hau matakalar da sauri ta shige.

Sai a lokacin Ofelia ta ɗaga kai. Dakalin ya yi daidai da tsayin ƙofar cocin, kuma a irin wannan rana ana wangale har ƙyauren ciki. Daga inda take zaune ido na tafiya kai tsaye, ya wuce kawunan masu hawa da sauka, ya bi ta gefen ginshiƙi, ya sauka a kan benci na uku ta hagu. Ta ɗan karkata dama, ginshiƙin ya rufe wurin. Ta karkata hagu, ƙyauren ya rufe. Daga nan kaɗai ake ganinsa. Tana cikin kallo Araceli ta iso bencin, ta ɗan yi jim, sannan ta durƙusa a wurin, hasken kyandir ya kama gefen fuskarta da bayan wuyanta.

"Da kin durƙusa sai ya cire hula," in ji Eduviges tana gyara ƙullin furanninta. "Ya ɗora ta a gwiwa. In ina yi masa magana ba ya ji, sai kin tashi. Mutum mai surutu irin wannan, amma ya yi tsit kamar an ɗauke wuta."

Ofelia ta ƙura wa bencin ido, Eduviges ta ci gaba.

"Ni kuwa ba na barin sa. Nakan ce, Don Nica, kai da ka zo har nan, matakala tara ce fa, ko tsoron ruwan albarka kake kada ya ƙone ka? Da can yakan ba ni labarin wani Fada na ƙauyensu. Daga baya ya daina. Wata shekara na matsa masa, sai ya ce, Doña Eduviges, Fadan nan ya mutu tuntuni, ni har fuskarsa na manta. Na ce to me ya rage? Ya nuna ki da haɓa ya ce, kin san abin da take roƙo a can? Ni take roƙa. In na shiga, me za ta roƙa baɗi? Sai ta bar ni a gida."

"Ya san abin da nake roƙo?"

"Haba, Doña. Ai duk unguwar nan an sani."

Dariya ta kufce wa Ofelia, ta haɗu da kuka, ta rasa wanne za ta fara tsayarwa. "Ja'irin tsoho," ta ce. "Ja'iri. Shekara arba'in da shida yana ba ni wahala."

"Haka suke," in ji Eduviges, ta zaro reshen manzaniya guda ta ɗora mata a cinya.

Daga saman hasumiya aka fara kaɗa katakon nan da ke maye gurbin ƙararrawa har zuwa Ista, ƙara-ƙara-ƙara, tantabaru suka tashi. Ofelia ta dafa dutsen da take zaune a kai. Da sauran ɗumin rana a jikinsa. Ta duba tsoron nan da ta yi wata biyar tana kwana da shi tana tashi da shi, ta tarar ya saki ƙirjinta. Ba ta cika bakwai ba, cinikin da ta ƙulla ya warware, amma mutumin da ya yi shekaru yana cire hula a nan, in Ubangiji na nemansa ai ya san inda yake zama.

Araceli ta fito da burodin a hannu, ta sauko ta tsallako farfajiyar. Ta ga idon uwarta ya yi ja, ta tsugunna a gabanta.

"Mama, don Allah ki bari a ɗaga ki. Ba wanda zan gaya wa. Na san don Baba kike yi."

"Bar shi. Ubanki ba ya son shiga, kin fi ni gaskiya." Ta sa hannu ta gyara wa 'yarta gashin da ya zubo mata a goshi, abin da rabonta da yi tun kafin jana'iza. "Wa ya nuna miki bencin nan?"

"Ai nan kike durƙusawa tun ina ƙarama."

"Ba ni jakar."

Araceli ta miƙa mata. Ofelia ta sa burodi na bakwai a ciki, ta rataya jakar a kafaɗarta ta hagu yadda Nicanor yake ratayawa, ta gyara zama har ginshiƙin ya kauce daga idonta.

"Koma ciki ki sake durƙusawa," ta ce. "Ban gama kallo ba."